Faifan da Na Saka a Gilashi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar al'adu ta makarantarmu, ko da kuwa duk mutanen Tambuwal za su yi mini alfarma su manta. Kuma ba su manta ba. Har yau in na ratsa ta wurin masu sayar da faifai a kasuwa sai wata ta ɗaga murya ta ce, "Malama, zo ki duba muna wanga, na hagu na ko na dama?" Sai in yi murmushin dole in ƙara sauri, kamar na bar tukunya a wuta.

Bari in faro daga tushe. Ni malamar Hausa ce a wata makarantar 'yan mata a Tambuwal, amma a Fakku aka haife ni, can ƙasar Kebbe. Tun da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uwa, Inna Kulu, kuma a ɗakinta na tashi har na kai shekara goma sha biyu aka tura ni makarantar kwana. Inna Kulu masaƙiyar faifai ce. Ita ke tsaga kabarta, ita ke rina ta da karan dafi, sannan ta nannaɗe ta a jikin ciyawa tana huda da basilla, zagaye bayan zagaye, tun daga cibiya har baki. Faifanta in kika yi bakace da shi ko ƙwayar gari ba ta bi ta ƙasa. Daga Kebbe har Dogon Daji, uwar da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki sai ta aiko wurin Inna tun damina ba ta sauka ba, don a sa ta cikin layi.

Ta so ta koya mini. Allah ya sani ta so. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta zaunar da ni a gabanta, gwiwa da gwiwa, ta ce in yi yadda take yi. Ni kuwa idona na kan awaki, yana kan ƙofar gida, yana kan duk abin da ke motsi a duniya ban da hannunta. In ta yi magana sai in turo baki in ce ni boko zan yi. Daga nan ta laƙaba mini Malama, tun ban iya rubuta sunana daidai ba.

"To, Malama," take cewa, "a yi boko. Amma boko ba shi rufe ƙwarya."

Shekara bakwai ke nan da rasuwarta. Ina Sakkwato wurin wani kwas na malamai aka kira ni, kafin in samu mota in isa Fakku har an kai ta. Wannan abu ya tsaya mini a rai, har gobe bai sauka ba. Bayan sadakar uku da aka buɗe adudunta, can ƙasa na ga wani abu a naɗe cikin zanenta na zuwa biki. Na warware, sai ga faifai. Nan take na yanke wa kaina hukunci, ban tambayi kowa ba: abin da Inna ta ɓoye haka, a cikin zanen da ta fi so, ai shi ne gwanin aikinta. Na rungume shi ina kuka. Iyayena mata suka dubi juna, babu wadda ta ce uffan (yanzu na gane tausayi ne ya rufe musu baki), na sa shi cikin jaka na taho da shi.

Gaskiya faifan yana da 'yan matsaloli. Tsakiyarsa ta yi tudu, ta karkace gefe guda kamar an zauna a kai. A bakinsa kuma akwai wani silin kaba mai tsawon ɗan yatsa da ke reto. Na sayo gam na manne silin tsaf, na kai wa mai yin firem ya saka mini shi a gilashi, na rataye a falo sama da talabijin. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha bayani kafin ya sha ruwa. In ya kuskura ya tambayi tudun, sai in ce salo ne, tsofaffin gwanaye ke yin haka da gangan. Har suna na ƙirƙira masa, wai salon Fakku. (Wata ɗalibata ta rubuta shi a jarrabawa, na ba ta maki.)

To, bara sai Hajiya, shugabar makarantarmu, ta ce za a yi ranar al'adu, ta kuma ɗora ni a kan shirin, tunda ni ce mai yawan surutu a kan sana'o'in gargajiya a ɗakin malamai. Na ji daɗi har kaina ya yi girma. Na tafi Fakku da kaina na gayyato tsofaffin masu saƙa guda shida, su zo da aikinsu 'yan mata su gani. Cikinsu akwai Gwaggo Ige, ƙawar Inna tun suna 'yan mata. Ba mu haɗa jini da ita ba, amma ta goya ni, ta kuma zane ni ba sau ɗaya ba. 'Yar siririya ce, ba ta da yawan magana, in kuwa ta yi sai ta tsaya inda ta nufa.

Da safiyar ranar ina ta kai da kawo cikin sabon leshi, ina jera kaya a kan tebura: faya-fayai masu ja da kore da shuɗi, tabarmi, mafitai, ƙoren da aka yi wa zane. Sai Gwaggo Ige ta jawo ni gefe ta zaro wani tsohon faifai daga jakarta. Hayaƙi ya mai da shi baƙi, ba a ko ganin rininsa, gefe ɗaya kuma wuta ta taɓa lasarsa.

"Ki aza wanga bisa tebur," ta ce.

"Haba Gwaggo, manyan baƙi fa za su zo. Wannan ai ya tsufa, zai ɓata mana jeri."

Ban ko karɓe shi da hannu biyu ba. Na waiga na ga ƙudaje sun fara zagaya babbar ƙwaryar furar da aka dama wa baƙi, sai na kifa shi a kai, ina jin na yi dabara. Gwaggo ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, ta gyara goron da ke kuncinta.

"To, Malama," ta ce, ta koma ta zauna.

Da na san Gwaggo Ige kamar yadda nake taƙama, da wannan "to" ɗin ya ishe ni gargaɗi.

Ɗakin taro ya cika. Ga iyaye, ga mutanen ƙaramar hukuma da manyan riguna a layin gaba, ga 'yan mata har bakin taga. Aka yi waƙoƙi, aka yi wasan kwaikwayo, sannan aka kira ni. Na hau da gilashina a rungume. Na yi magana a kan yadda roba da silba suka kori faifai daga ɗakunan amare, da yadda muke barin tsofaffi suna tafiya da iliminsu. Sannan na ɗaga gilashin sama na ce ga aikin ƙarshe na Inna Kulu ta Fakku. Na nuna tudun, na yi bayanin salon Fakku dalla-dalla, har wani mai babbar riga yana gyaɗa kai yana rubutawa. Sai hawaye suka zubo mini. Wannan kam ba wasan kwaikwayo ba ne, ina kewarta ne ƙwarai, kuma ganin ƙawayenta a zaune babu ita ya tayar mini da komai. Sai dai mai kuka ba ya auna magana. Na share ido na ce, "Ni da na tashi a gabanta, ko cikin faifai dubu aka jefa nata, ido rufe zan tsamo shi."

Aka yi tafi. Da na sauka a nan da na tsira da mutuncina. Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Daɗin tafi ya ɗebe ni, na ce bari in kira aminiyar marigayiya ta zo ta ba da shaida. Ni da kaina na riƙo hannun Gwaggo Ige na hau da ita, ni da kaina na kanga mata makirfo a baki.

Ta kai fuskarta kusa da gilashin ta daɗe tana kallo.

"Fiddo shi daga madubin ga," ta ce.

Na lanƙwashe ƙusoshin baya na fito da shi. Ta karɓa, ta juya shi, ta bi shi da babban yatsa tun daga cibiya.

"Wa yac ce miki Kulu tay yi wanga?"

Na yi 'yar dariya na ce ai a adudunta na same shi.

"Adudunta kam shina ciki, na sani. Amma tudun ga da kika kira salo, naki na. Ke kiy yi shi, shekarar da za ki tafi makarantar kwana. Ina zaune. Kina saƙa kina kallon awaki."

Can baya wata yarinya ta tuntsire da dariya, aka ji ƙarar an make ta.

"Gwaggo, ko dai kin manta ne..."

"Ni ban mance ba. Kulu bahaguwa ta."

"A'a Gwaggo, da dama take komai."

"Da dama taka cin tuwo, da dama taka amsar kyauta. An bugi hannun nan tun tana ƙarama har ta koya. Basilla ɗai ta ba ta taɓa yarda da dama ba." Ta ɗaga faifan ta juyo shi wajen mutane, kamar ita ce malamar ni ce ɗaliba. "Ku duba. Mai dama in tana saƙa, ɗinkinta nan shika kwantawa. Bahaguwa, can shika kwantawa. Daga cibiya zuwa zagaye tara, duk na dama na, sako-sako, ko ƙwarar gero ta wuce. Huɗun ƙarshen ga su ka kallon hagu. Su ɗai na na Kulu. Ta ƙara su don ta jawo tudun shi kwanta, ya ƙiya."

Na dubi faifan. Shekara shida yana rataye a falona, ina share masa ƙura duk Asabar, ban taɓa ganin abin da take nunawa ba. Yanzu kuwa ga shi ɓaro-ɓaro, ko makaho ya shafa zai ji inda hannu ya canza. Kuma sai na tuna. Na tuna jar kabar da na zaɓa da kaina, na tuna ranar da na jefar da shi a tabarma na ruga kallon motar da ta kawo taki.

Gwaggo ba ta gama da ni ba. "In aikin Kulu kuka son gani," ta ce, "ga shi can an rufe fura da shi."

Kawuna suka juya gaba ɗaya. Daidai lokacin kuwa wani daga cikin manyan baƙi ya gaji da jawabi ya lallaɓa wurin furar, ludayi a hannu ɗaya, faifan a ɗayan. Bawan Allah ya daskare a tsaye, bai san ko ya ajiye ba ko ya riƙe. A nan ɗakin ya fashe. Iyaye suna dariya, 'yan mata suna riƙe ciki, tsofaffin Fakku suna rufe baki da gefen mayafi. Hajiya ta kama tari na ƙarya. Mai rubutun nan na layin gaba na gan shi da idona yana soke abin da ya rubuta. Ni kuwa ina tsaye da firem babu komai a ciki, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana, kuma nawa hakin har da kaba a naɗe.

Ban san yadda na sauka ba. Na dai samu kaina a bayan ɗakin taro, zaune a kan wani karyayyen benci, leshi ya jiƙe da gumi. Jim kaɗan sai ga Gwaggo ta biyo ni da faya-fayan biyu a hammata. Ta zauna kusa da ni. Na yi niyyar yin fushi, na ce ai da ta ja ni gefe ta faɗa mini.

"Na ba ki shi da safe," ta ce. "Cewa niy yi in kin riƙa kin gane. Ba ki ko duba ba."

Sai na tambaye ta abin da ke cin raina: yaya aka yi na shekara goma a gaban Inna ban san bahaguwa ba ce?

"Don gabanta kike, shi as sa. Kowa gefenshi shika aza ɗiya in zai koya mata. Kulu ta ce in ta aza ki gefe, hagu za ki ɗauka, a zo a yi ta bugun hannunki awa yadda anka yi mata. Shi na taka aza ki gaba, gwiwa da gwiwa, hagunta shi zan daidai da damarki. Ke dai ki bi, ba ki san komi ba."

Nan kuka na gaskiya ya zo, wanda ba shi da makirfo. Gwaggo ta bar ni na yi. Tana ta kankare bakin faifan mai tudu da farce, can ta ce, "Mi kis sa nan?"

Na ce gam ne, wani sili ne ke reto na gyara.

Ta yi salati a hankali. Sannan ta gaya mini abin da duk yarinyar Fakku mai kunne ta sani. Faifan farko na mai koyo, uwar saƙa tana iya taya ta jiki, amma ba ta rufe mata baki. Mai shi ke rufewa da hannunta, a ranar ne ake cewa ta iya. Silin da na manne, wutsiyar da Inna ta bar mini ce, inda zan kama in ci gaba.

"Duk hutun makaranta sai ta fiddo shi ta shanya, ta ce Malama na nan tafe. Har kinka yi aure tana fiddo shi," in ji Gwaggo.

Kuma na riƙa zuwa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ina zuwa da littattafaina, daga baya da 'ya'yana, in kwana biyu in juya. Duk zuwa in zan tafi sai Inna ta raka ni bakin ƙofa ta ce, "Malama, akwai sauran aiki fa." Ni kuwa in ce, "To Inna, sai na dawo." Na ɗauka wanke-wanke take nufi, ko irin maganar tsofaffi ce kawai. Ban taɓa tambaya ba, ko sau ɗaya.

Na roƙi Gwaggo ta bar mini baƙin faifan. Na karɓe shi wannan karon da hannu biyu, na duba. A ƙarƙashin hayaƙin ɗinkin a jere yake kamar haƙoran masara, duk yana kwance hagu, shekara arba'in ana aiki da shi ko sili ɗaya bai tashi ba. Inna ce ta saƙa wa Gwaggo shi lokacin da Gwaggon ta haifi autanta. Gwaggo ta bar ni na gama kallo, sannan ta zare shi daga hannuna ta mayar jaka.

"Ba ni ba ki shi ki sa madubi. Gara ma da kir rufe fura da shi, aikinshi ke nan. Ki zo ki rufe bakin faifan naki, sannan mu yi magana. Kuma kada ki daɗe. Kulu ta yi jira ta gaji, ni ban da haƙurinta, ban kuma da kwanakin."

Haka na koma makaranta a shekara arba'in da ɗaya. Duk hutu, da duk ƙarshen makon da na samu sarari, sai in hau mota zuwa Kebbe, daga nan in hau babur zuwa Fakku. Basilla ta huda mini yatsu har alli na gagara riƙewa. Na lalata kaba mai yawa. Gwaggo ba ta yabo, iyakarta ta karɓa ta duba ta ce, "Warware." Sai a hutun da ya wuce ta ce in kawo na Inna. Muka jiƙa bakin da ruwan ɗumi har gam ɗin ya saki, wutsiyar ta fito. Na yi yini guda ina rufe zagaye ɗaya. Ya ɗan karkace, ba zan ɓoye ba, kuma yana kwance dama, jingine da nata huɗun na hagu. Gwaggo ta duba ta ce, "Ya yi." Ta shiga ɗaki ta fito mini da baƙin faifan.

Yanzu dukansu biyu suna madafina. Baƙin yana rufe fura, mai tudun yana rufe abin da ba ya tsoron ƙuda. Firem ɗin kuwa na saka takardar shaidar karatuna a ciki, ita ce dai ba ta da wani aiki sai rataya. Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne: kafin ki hau dandamali ki rantse kin san hannun mutum, ki tabbata kin taɓa kallonsa. In kuma tsohuwar Fakku ta ce miki "to", ki sauka tun da sauran mutunci.

Abu ɗaya ne ban saba da shi ba har yanzu. Gwaggo Ige da dama take saƙa, don haka a gefena take zama, kafaɗa da kafaɗa, kamar yadda kowa ke koyarwa. Duk sanda na huda daidai sai in ɗago kai in nuna, kuma gabana nake fara dubawa. Tabarma ce kawai a wurin.